Inda ake haihuwar taurari: Me Wudil za ta yi da hotunan da ke zuwa daga samaniya?

A ranar 23 ga watan Yunin 2025 ne cibiyar nazarin taurari ta Vera C. Rubin, wadda aka gina a kan tsaunin Cerro Pachón na ƙasar Chile, ta fitar da hotunanta na farko. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi jan hankali shi ne na wasu gizagizai biyu da ke can cikin sararin samaniya, masu launin ja da ruwan hoda, waɗanda masana ke kira Lagoon da Trifid. An haɗa shi ne daga hotuna 678 da aka ɗauka cikin sa'o'i bakwai da ɗoriya.

Shekara uku kafin nan, a ranar 12 ga Yulin 2022, hukumar NASA ta Amurka ta nuna wa duniya jerin hotunan farko na na'urar hangen nesa ta James Webb, ciki har da na wani gefe na gajimaren Carina da ya yi kama da jerin duwatsu.

A Arewacin Najeriya irin waɗannan hotuna sukan yi kwana biyu suna zagaye a Facebook da WhatsApp. Wasu su yi tasbihi, wasu su ce haɗin kwamfuta ne, daga nan kowa ya kama gabansa.

Sai dai lamarin ya fi kusa da gida fiye da yadda ake zato. Gizagizan nan duk suna bayyana a samaniyar Wudil kowace shekara idan lokacinsu ya zo. Wasunsu ma maƙwabta ne ga taurarin da malamai da manoman ƙasar Hausa suka daɗe suna lissafin damina da su. Kuma a Wudil ɗin ne jihar Kano ta kafa jami'arta ta kimiyya da fasaha, ga shi yanzu an buɗe rumbunan bayanan manyan na'urorin duniya ga duk mai kwamfuta da intanet.

Zaɓin da ke gaban jami'ar da hukumomin ilimi na jihar shi ne ko dai a ci gaba da zama 'yan kallo, ko kuma a mayar da waɗannan bayanai kayan koyarwa tun ana kan ganiyar tattara su.

Gajimaren da ba ya kawo ruwa

Tsakanin tauraro da tauraro ba wayam yake ba. Akwai iska da ƙura a warwatse, mafi yawanta iskar haidirojin ce, sai hiliyom, ƙurar kuma kusan kashi ɗaya ce cikin ɗari na nauyin. Inda suka taru suka yi kauri shi ake kira nebula, kalmar Latin da ke nufin gajimare ko hazo.

Ta fuskar haske, masana sun kasa su gida uku. Akwai mai duhu, wanda ƙurarsa ke tare hasken taurarin da ke bayansa. Akwai mai aron haske, wanda ke mayar da hasken tauraron da ke kusa da shi, yawanci ya fito shuɗi-shuɗi. Sai na uku, wanda iskarsa ce da kanta ke fitar da haske. Lagoon da Carina da gajimaren Orion duk 'yan wannan gida na uku ne, shi kuwa Trifid ya haɗa duka ukun a wuri guda.

Girmansu ya wuce awon kilomita, shi ya sa ake amfani da shekarar haske, wato nisan da haske ke ci a shekara ɗaya, kimanin kilomita tiriliyan tara da rabi. Faɗin gajimaren Orion ya haura shekarun haske 20, nisansa daga nan kuma kimanin 1,350. Lagoon ya haura 4,000, gefen Carina da Webb ta ɗauko kuwa kimanin 7,600.

Duk da yadda suke bayyana da kauri a hoto, kusan babu komai a cikinsu. A wuri mai girman dunƙulen magi, ƙwayoyin zarra ɗaruruwa zuwa dubbai ne kawai ake samu a irin wannan gajimare. A iskar da mutum ke shaƙa kuwa, wuri mai wannan girma yana ɗauke da ƙwayoyi sama da biliyan sau biliyan 20. Tsabar faɗinsu ce ta sa ake ganinsu.

Yadda tauraro ke samuwa

Abin yana farawa ne a cikin duhu da sanyi. A tsakiyar gajimare mai duhu, sanyin yakan kai digiri 260 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos. A irin wannan sanyi iskar ba ta da kuzarin watsewa, sai ƙarfin janyowa, wanda shi ne ke dawo da duk abin da aka jefa sama zuwa ƙasa, ya rinjaye ta. Wani sashe ya fara ruftawa cikin kansa.

Yana ruftawa yana juyawa, yana ƙara zafi. Tsakiyarsa ta zama curi, ragowar kuma ta bazu kewaye da shi kamar faifai. Idan zafin cikin curin ya kai wajen digiri miliyan 10, ƙwayoyin haidirojin sukan fara haɗewa suna zama hiliyom, wannan haɗuwa ce ke samar da haske da zafi. A nan ne ake cewa an haifi tauraro. Ga mai girman Rana, tafiyar takan ɗauki miliyoyin shekaru. Daga faifan da ya rage ne duniyoyi ke samuwa, kuma a bisa ƙiyasin masana haka Rana da wannan duniya suka samu shekaru biliyan 4.6 da suka wuce.

Ba a haihuwar taurari ɗaya-ɗaya, rukuni-rukuni suke zuwa. A cikin ɗaruruwa ko dubbai, akan samu 'yan kaɗan da suka ninka Rana nauyi sau 20 ko 30 ko fiye. Zafin fuskarsu ya haura digiri 30,000, kuma suna fitar da hasken ultrabayolet mai ƙarfin da ke fizge ilaktiron daga jikin ƙwayar haidirojin. Idan ilaktiron ɗin ya sake komawa, sai ƙwayar ta saki haske. Mafi ƙarfinsa a ɓangaren da ido ke gani ja ne, mai tsawon zango nanomita 656. Wannan ne jan da ya cika hoton Rubin.

Ke nan duk inda aka ga irin wannan jan gajimare, alama ce cewa an haifi manyan taurari a wurin ba da jimawa ba a lissafin samaniya. Dalili shi ne manyan taurari ba sa daɗewa. Rana za ta yi kimanin shekaru biliyan 10, su kuwa 'yan miliyoyi kawai suke yi su fashe. Kafin su mutu, haskensu da guguwarsu sukan kore iskar da ta haife su. Fashewarsu kuma ita ke watsa sinadarai masu nauyi irin su oksijin da ƙarfe, waɗanda ke shiga cikin taurari da duniyoyin da za su biyo baya.

Shin launukan na gaske ne?

Masu cewa haɗin kwamfuta ne suna da ɗan abin kamawa, amma ba yadda suke nufi ba. Mutumin da ya leƙa gajimaren Orion ta ƙaramar na'urar hangen nesa, toka-toka ko kore-kore zai gani, domin idon ɗan'adam ba ya rarrabe launi sosai a haske mai rauni. Kyamara kuwa tana iya tara haske na tsawon mintoci ko sa'o'i, sai jan ya fito. Tun a shekarar 1880 Henry Draper ya ɗauki hoton farko na gajimaren Orion, tun babu kwamfuta a duniya.

Hotunan Webb daban suke. Tana aiki ne da hasken infurared, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura. Masana ne ke ba kowane zango launi domin a iya kallonsa. Launin zaɓi ne, amma awon da ke ƙarƙashinsa na gaske ne, kamar dai hoton awon ciki a asibiti.

Daga rarraba hasken nan ne ake sanin abin da ke cikin gajimaren ba tare da an je ba. A 1864 William Huggins na Ingila ya ga wani koren haske a wani gajimare wanda bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, har aka zaci sabon sinadari ne. Sai a 1927 Ira Bowen na Amurka ya nuna cewa oksijin ce, a yanayin ƙarancin iska da ba a iya samarwa a ɗakin gwaji.

Taurarin da manoma suka riga suka sani

A ƙasar Hausa akwai tsohon lissafin shekara da aka gina a kan masaukan wata guda 28, kowane tauraro da kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimilla kwana 365. An gado shi ne daga littattafan Larabci, har ya zauna a bakin malamai da tsofaffin manoma. Taurarin damina bakwai ne: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan.

Idan aka ɗora wannan lissafi a kan taswirar masana ta yau, wani abu na fitowa fili. Haƙa'a, tauraron farko na damina, 'yan taurari uku ne da ke kan Orion. Mafi haskensu, wanda ake kira Meissa, yana cikin manyan taurari masu zafin nan, kuma yana zaune ne a tsakiyar wani katafaren jan gajimare da faɗinsa a sama ya ninka na wata sau fiye da goma. Ido ba ya ganin gajimaren, amma kyamara na ɗauko shi.

Ƙalbu, na ƙarshe a taurarin kaka, shi ne jan tauraron da ake kira Antares. Dab da shi a yadda ido ke gani akwai gajimaren Rho Ophiuchi, ɗaya daga cikin wuraren haihuwar taurari mafi kusa da duniya, mai nisan kimanin shekarun haske 390. Hotonsa NASA ta fitar a Yulin 2023 don cikar Webb shekara ɗaya da fara aiki. Na'a'im kuwa, cikin taurarin ɗari, a gefensa Lagoon da Trifid suke.

Sai Surayya, wadda Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta. Rukuni ne na taurarin da aka haifa tare kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce, wato misalin yadda irin taurarin Orion za su kasance bayan gajimarensu ya watse. Shuɗin hazon da ke kewaye da su a hoto na aro ne, daga ƙurar da suke ratsawa.

Wannan gado yana da daɗaɗɗen tarihi. Wajen shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafinsa kan taurari, inda ya ambaci wani ɗan gajimare da yau aka san cewa gungun taurarin Andromeda ne. A wannan yanki kuma, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce kan lissafi da taurari.

Amfanin wannan ga malamin makaranta a bayyane yake. Ɗalibin da ya ji sunan Haƙa'a a bakin kakansa ba baƙo ba ne a darasin, daga abin da ya sani za a fara.

Akwai kuma wani cikas da ya kamata a fuskanta. Da yawa idan suka ji an ce ilimin taurari, duba da bugun ƙasa ne ke zo musu a rai. Malaman Musulunci sun daɗe da rarrabe tsakanin amfani da taurari don sanin alƙibla da lokuta da yanayin shekara, da kuma da'awar cewa taurari na juya rayuwar mutane. Falakin zamani awo ne da lissafi, irin wanda kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi ke amfana da shi. Duk shirin da bai yi wa iyaye wannan bayani da Hausa ba, zai sha wuya kafin ya samu karɓuwa.

Samaniyar Wudil: riba da cikas

Wudil na da nisan kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wannan matsayi yana ba ta damar ganin dukkan samaniyar arewa da mafi yawan ta kudu.

Gajimaren Orion yakan hau har digiri 70 da ɗoriya, kusan tsakiyar ka, kuma ana ganinsa da farkon dare daga Disamba zuwa Maris. Lagoon yakan kai sama da digiri 50, daga Yuni zuwa Satumba. Carina yakan ɗaga kimanin digiri 18 a kudu tsakanin Maris da Mayu, alhali mutanen Landan da Faris da New York ba sa ganinsa ko sau ɗaya.

Cikas ɗin shi ne yanayi. Lokacin da Orion ke tsakiyar sama shi ne lokacin hunturu, sa'adda iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi, ta rufe sama da hazo. Lokacin Lagoon kuma damina ce da hadarinta. Dararen da suka fi wankewa sukan zo ne tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hunturu, da kuma bayan an sha ruwa sama ta washe. Ga kuma Wudil ba tsauni ba ce, a bakin kogi take.

Saboda haka babu hikima a yi mafarkin gina katafariyar na'ura irin ta Chile a nan. Webb kaɗai ta ci kimanin dala biliyan 10, kuma tana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Damar Wudil tana wani wuri ne daban.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya ba baƙuwa ba ce a fannin. A 1965 Samuel Okoye, yana ɗalibi a Jami'ar Cambridge, shi da malaminsa Antony Hewish suka wallafa binciken wani baƙon tushen sautin rediyo a cikin gajimaren Crab, wanda ragowar tauraron da ya fashe ne. Daga baya aka gano cewa gawar tauraron ce ke juyawa da sauri. Hewish ya samu kyautar Nobel a 1974 kan binciken irin waɗannan taurari. Okoye ya dawo gida ya taimaka wajen kafa nazarin falaki a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, inda har yau cibiyar binciken kimiyyar samaniya ta tarayya take, tare da ofishin Afirka ta Yamma na shirin amfani da falaki don ci gaba.

An kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999. An harba tauraron ɗan'adam na NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. A Disambar 2022 ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sanya hannu a madadin Najeriya kan yarjejeniyar Artemis da Amurka ke jagoranta.

Amma idan ana batun binciken taurari, wasu ƙasashen Afirka sun yi gaba. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da MeerKAT mai farantai 64 a 2018, kuma ita da Ostireliya ne ke karɓar baƙuncin SKA, aikin na'urar rediyo mafi girma a duniya. Ƙasashen Afirka takwas ne abokan tafiyarta a aikin: Botswana, Ghana, Kenya, Madagaska, Mauritius, Mozambik, Namibiya da Zambiya. Babu Najeriya a ciki. Habasha na da cibiyar Entoto a bayan Addis Ababa. A Agustan 2024 aka yi babban taron ƙungiyar masana falaki ta duniya a Cape Town, karon farko a Afirka, a Afrilun 2025 kuma aka buɗe hukumar sararin samaniya ta Afirka a Masar.

Misalin Ghana ya fi dacewa da Arewa. A Kuntunse, kusa da Accra, akwai tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 da aka daina amfani da shi. Aka gyara shi ya koma na'urar rediyo ta nazarin samaniya, aka ƙaddamar a Agustan 2017. Cikin abubuwan farko da ya saurara akwai siginar sinadarin metanol da ke fitowa daga wuraren haihuwar manyan taurari. Siginar rediyo ba ta damu da hazon hunturu ba, kuma ana kama ta dare da rana. Najeriya ma ta taɓa gina manyan tashoshin sadarwa irin wannan a Lanlate da Kujama ta jihar Kaduna.

Abin da Wudil za ta iya

An kafa jami'ar Wudil a 2001, ta daɗe ana kiranta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, aka sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022. Tana koyar da fiziks da lissafi da kimiyyar kwamfuta da injiniyanci, waɗanda su ne ginshiƙan falakin zamani. A Mayun 2025 Ɗangote, wanda shi ne uban jami'ar, ya yi alkawarin kashe naira biliyan 15 a kan ayyukan raya ta, kuma cikin abubuwan da aka ambata har da ɗakin kwamfuta mai intanet dare da rana.

Irin wannan ɗaki shi ne ainihin abin da ake buƙata. Bayanan Hubble da Webb suna cikin rumbun intanet da ake kira MAST, wanda kowa ke iya shiga kyauta. Wasu ana sakinsu nan take, wasu bayan kimanin shekara guda. Rubin, mai kyamarar megafiksel 3,200, za ta shafe shekara goma tana maimaita ɗaukar samaniyar kudu duk bayan 'yan kwanaki. Sanarwar duk abin da ya motsa ko ya sauya haske, wadda ake sa ran za ta kai miliyoyi a dare guda, a buɗe take ga duniya, cikakkun bayanan kuma sukan fito ga kowa bayan shekara biyu. Bayanan sun fi ƙarfin masanan da ake da su.

An taɓa gwada hakan da mutanen da ba masana ba. A wani shiri na intanet mai suna Milky Way Project, 'yan sa-kai sama da 35,000 sun duba hotunan na'urar Spitzer, suka gano kumfa fiye da 5,000 da manyan taurari suka huda a cikin gizagizai. An wallafa sakamakon a 2012.

Matakin farko ke nan: kwas ɗaya ko biyu na falaki ga ɗaliban fiziks, da damar yin aikin kammala digiri a kan bayanan gaske. Ɗalibi zai iya auna hasken haidirojin a wani yanki na Orion, ya ƙiyasta ƙarfin tauraron da ke haskaka shi, da manhajojin da ake samu kyauta.

Na biyu, ƙananan na'urori. Yau akwai na'urorin hangen nesa masu kyamara da ake sarrafawa da waya, waɗanda kuɗinsu bai kai dala dubu ɗaya ba, kuma suna ɗauko jan Orion da Lagoon cikin mintoci. Akwai kuma na'urorin Las Cumbres da ke warwatse a nahiyoyi, ciki har da Afirka ta Kudu, waɗanda ake ba ƙungiyoyin koyarwa lokaci a kansu ta intanet. Idan hazo ya rufe Wudil, ana iya duba samaniya ta wani wuri.

Na uku, a fita daga harabar jami'a. Jihar Kano ta san amfanin wannan tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Daren kallon taurari sau ɗaya a zango a irin waɗannan makarantu, har da na 'yan mata da na Islamiyya, ba ya buƙatar wani babban kasafi.

"Ana fama da abinci, wa ke ta taurari?"

Wannan ƙorafi ne mai nauyi a jihar da ke fama da tsadar rayuwa da cunkoson azuzuwa da yaran da ba sa zuwa makaranta. Gaskiya ne kuma cewa guraben aikin falaki kaɗan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba.

Amsar tana cikin abin da ɗalibin ke koya. Wanda ya iya tace hoton gajimare, ya raba haske zango-zango, ya rubuta manhajar da za ta tantance dubban bayanai, ya riga ya mallaki dabarar karanta hotunan taurarin ɗan'adam da ke kallon ƙasa. Da hasken infurared ake gane lafiyar shuka daga sama. Da irin hotunan ake bin yadda ruwa ke malala idan Kogin Haɗeja, wanda ya ratsa ta Wudil, ya cika ya batse, ko a auna filayen noman rani na Kadawa. Najeriya ta sayi taurarin ɗan'adam, kuma amfaninsu ya dogara ne ga yawan masu iya karanta abin da suke aikowa. Ko fasahar Wi-Fi, wani muhimmin ɓangarenta ya fito ne daga aikin masu binciken samaniya da rediyo a Ostireliya.

Haɗarin da ya fi girma shi ne wanda aka saba gani a ayyukan gwamnati: a ba da kwangila, a sayo na'ura mai tsada, a yi bikin buɗewa, a kulle ta a sito saboda babu wanda aka horar ko babu wuta. Shi ya sa tsarin ya kamata ya fara da mutane. A tura malamai biyu ko uku horo a Nsukka ko Ghana ko Afirka ta Kudu, a tanadi sola da intanet mai ɗorewa, sannan na'ura ta biyo baya. Asusun TETFund, wanda ke ɗaukar nauyin horar da malaman manyan makarantu da bincike, hanya ce da ke akwai.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Shekaru goma na aikin Rubin da ginin SKA suna tafiya ne a yanzu, kuma ƙasashen da ke horar da matasansu a wannan tsakani su ne za su samu gurbi a binciken. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya a Wudil bana zai iya kammala digirinsa na uku kafin Rubin ta gama aikinta.

Yadda za a gani da ido

Mai son tabbatarwa ba ya buƙatar jiran jami'a. A daren da babu farin wata kuma hazo ya yi sauƙi a watan Disamba, a fita bayan gari nesa da fitilu, a fuskanci gabas wajen ƙarfe tara. Za a ga taurari uku masu haske a jere, kusan a tsaye. A gefensu na dama, wato ta kudu, akwai wani ɗan jeri mai rauni. Na tsakiyarsa ba ya fita tsaf kamar sauran, yana da ɗan hazo a jikinsa. Wannan shi ne gajimaren Orion. Da tabarau mai ido biyu na hangen nesa, hazon zai fito sosai. A gefen hagu kuma, can gaba da wasu manyan taurari biyu, ɗaya ja ɗaya fari, ga 'yan taurarin Haƙa'a nan a cure. Manhajar Stellarium ta waya tana nuna wurin kowannensu.

Hasken da zai shiga idon mai kallo a wannan dare ya baro gajimaren ne kimanin shekaru 1,350 da suka wuce, wato a ƙarni na bakwai, zamanin da binciken masu tonon tarihi ya nuna ana narka tama a Dutsen Dala.